Ina tsoron kujerar gaban motarmu, maigida ya ce yayansa nake zargi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, 'ya'yanmu uku. Bara ni da maigida muka haɗa kuɗi, nawa na adashi, nasa rancen ƙungiyar ma'aikata, muka sayi ƙaramar mota 'yar Japan ƙirar 2004 a hannun yayansa, wanda sana'arsa ke nan, shigo da motoci daga Amurka. Motar ba ta taɓa ba mu matsala ba. Kwanan nan ƙanena ya ɗauki lambar jikinta ya duba a intanet, ya ce kamfanin ya yi mata kiranye, wato ya nemi a mayar da irinta a gyara, tun tana can saboda jakar iskar da ke gaban kujerar fasinja, kuma ba a kai ta an gyara ba. Wai jakar na iya fashewa ta watso ƙarfe. Anti, ni nake zama a kujerar nan, sau da yawa da auta a cinyata. Da na gaya wa maigida sai ya hau faɗa, wai ina nufin yayansa ya cuce mu, wai ƙanena ya cika iyayi, kuma kowa da ajalinsa. Babana kuwa, wanda ya yi ritaya daga kamfanin haɗa motoci, cewa ya yi mu sayar mu nemi wadda aka haɗa a gida, don motar waje juji ce da Turawa suka zubo mana. Ba mu da kuɗin sabuwa. Yanzu na daina shiga motar, napep nake hawa zuwa aiki, gidan kuma ba daɗi. Ina mafita?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsoronki yana da tushe, ƙaninki kuma ba iyayi ya yi ba, aikin ɗan'uwa ya yi. Sai dai abubuwa uku ne suka cakuɗe miki a wuri guda: ƙarfe ɗaya da ke da lahani a cikin mota, mutuncin maigida a gaban yayansa, da kuma kishin Baba kan motar gida. Kowanne da maganinsa, kuma na farkon ne kawai yake da gaggawa.

Daga shekarar motar da gefen da kika ambata, wannan ya yi kama da matsalar jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan. A bayan dashbod, da kuma cikin sitiyari, akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Idan aka yi karo, sinadarin ya ƙone cikin ƙiftawar ido, iskar da ya fitar ta cika jakar, ta tare mutum kada ya bugi gilashi. Takata ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitret, wanda zafi da danshi ke lalatawa idan shekaru suka ja. Idan ya lalace sai ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin kansa ya tarwatse, ɓarɓashin ƙarfe ya nufi fuska da wuya da ƙirji. A Amurka kaɗai an yi wa jakunkuna kusan miliyan 67 kiranye, a motocin kamfanoni 19. Hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 ta wannan hanya, ban da ɗaruruwan da suka ji rauni. An kuma rasa rayuka a Maleshiya, ƙasa mai zafi da danshi. Kamfanin Takata ya karye a 2017 saboda wannan.

Abin da ya sa ya shafe mu sosai shi ne, motocin da ke cikin jerin su ne suka cika titunanmu. A Fabrairun 2023 Honda ta ce a daina tuƙa wasu Accord da Civic na 2001 da 2002 da ba a gyara ba. A Janairun 2024 Toyota ta faɗi haka kan Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005, kimanin mota 50,000. Accord ɗin nan da ake kira EOD ma tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Ke da kike aikin asibiti kin san bambancin abin da ke faruwa kullum da abin da ba kasafai yake faruwa ba amma idan ya faru ba kyau. Wannan na biyun ne. Jakar ba ta cika tashi haka siddan ba, sai an yi karo, kuma ba kowacce ke tarwatsewa ba. Amma karon ba sai babba ba, kuma duk shekarar da ta wuce haɗarin ƙaruwa yake yi. Motar da ta haura shekara ashirin, wataƙila ta sha danshin Fulorida ko Tekzas, sannan ta zo tana yini a ranar watan Afrilu a Kaduna, ba wadda za a yi wa sakaci ba ce. Cewar ba ta taɓa ba ku matsala ba kuma ba hujja ba ce, don wannan lahanin ba ya yin ƙara, ba ya kunna fitila, bakanike ba ya jin sa a inji.

Yanzu maganar yayan maigida. Ina roƙon ki ki cire shi daga zargi, a bakinki da kuma a zuciyarki. Takardar kiranye ana aika ta ne ga wanda sunansa ke kan rajistar motar a can. Mota ta sauya hannu sau uku ko huɗu, ta shiga gwanjo, aka loda ta a jirgin ruwa ta sauka Legas, takardar ba ta biyo ta. A Amurkar ma dokar tarayya ta hana sayar da sabuwar mota da ke da kiranyen da ba a gyara ba, amma ba ta hana dillalin tsofaffin motoci ba. Dillalanmu kuwa abin da suke dubawa shi ne inji, giya, esi, fenti, ko ta sha ruwa, ko an taɓa buge ta. Da wuya ka samu wanda ya duba kiranye. Mai yiwuwa ne ƙwarai yayan nan ya zaɓar wa ƙaninsa mafi kyau a cikin waɗanda ya kawo, har ya rage masa riba.

Wannan ne maigida yake ji, shi ya sa ya hau faɗa. Ki duba ta yadda maganar ta iso masa: ƙanin matarsa, wanda bai kai shi shekaru ba, ya gano aibu a kayan da babban yayansa ya sayar masa, matarsa ta kawo masa, surukinsa ya ɗora da cewa juji ya sayo da bashi. Danginki uku a gefe guda, shi da yayansa a ɗaya gefen. Ko wane namiji ne zai ji an zagaye shi. Maganar ajali da ya kawo, ina zaton garkuwa ce kawai ya ɗaga, don na tabbata yana sauya birki idan ya cinye, ba ya cewa kowa da ajalinsa. Hadisin ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah ya san shi kamar yadda kika san shi, saboda haka kada ki karanta masa, zai ji kamar wa'azi ake masa a cikin gidansa. Kuma don Allah ko da rai ya ɓaci, kada kalmar nan ta rabin kuɗin nawa ne ta fito daga bakinki. Gaskiya ce, amma idan ta fito, an bar maganar mota an koma wata.

Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne ki fitar da ƙaninki daga tsakiya, ki bar maigida ya gani da idonsa. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ya ci ya huta, ki fara da ba shi haƙuri kan yadda maganar ta zo, ki ce kin san Yaya ba zai taɓa cutar ku ba. Sannan ki ce ke dai hankalinki ne ya ƙi kwanciya, ki roƙe shi ya duba da kansa don ya kwantar miki da shi. Lambar tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ana hango ta daga waje, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Haruffa da lambobi 17 ne. Ya shigar da su a nhtsa.gov/recalls, kyauta ne, minti biyu ya isa. Ya sake dubawa a shafin kamfanin motar na Amurka. Idan akwai kiranyen da ba a gyara ba zai fito da lambarsa da bayaninsa, ku ɗauki hotonsa ku ajiye. Akwai ma yiwuwar ƙaninki ya yi kuskuren harafi ɗaya, to kin ga an huta. Abin da mutum ya gano da yatsansa ya fi saurin karɓa a kan abin da surukai suka gaya masa.

Idan ya tabbata, ku karanta abin da shafin ya ce da kyau. In har an rubuta cewa kada a tuƙa motar, shawarata ita ce a ajiye ta har a gyara, ko da kuwa za a sha wahalar napep na wasu makonni. Dalili shi ne, a tsofaffin motoci da yawa jakar gefen fasinja na tashi ko da babu kowa a kujerar, ɓarɓashin kuma bai san iyakar kujera ba, yana iya samun direba. Wannan shi ma ki faɗa masa a hankali: ba kanki kaɗai kike ji ba, har da shi. Idan kuma babu wannan gargaɗin, ko dole ta sa sai an fita da ita, kujerar gaba ta zauna babu kowa. Na san abin da zai biyo baya, zai ce kin hakimce a baya kin mai da shi direba. Ki yi dariya ki ce na ɗan lokaci ne, auta ce ke buƙatar ki a can. Ita kuwa auta, ko an gyara jakar ko ba a gyara ba, zamanta a cinya a kujerar gaba ya ƙare daga yau. Lafiyayyar jakar iska ma tana fitowa da ƙarfin da zai iya kashe ƙaramin yaro, kuma babu hannun uwar da ke iya riƙe yaro idan mota ta tsaya farat ɗaya. Yara a baya, kowa da bel.

Wajen gyara, a nan ne Yaya zai koma abokin tafiya. Maigida ne zai je masa, ba ke ba, kuma da sigar neman taimako: ga abin da muka gani, kai ka san hanya, yaya za a yi? Matakin farko shi ne wakilin kamfanin da aka amince da shi a Najeriya. A kai masa lambar motar da hoton kiranyen, a nemi amsa a rubuce. Ku sani cewa gyara kyauta wajibi ne da dokar Amurka ta ɗora wa kamfani a cikin Amurka, motar da ta bar ƙasar ba ta da wannan tabbacin, don haka ku tafi da shirin cewa za a iya cewa ku biya. Ko da biya ne, kuɗin gwangwani ɗaya da aikin sa shi bai kama ƙafar asarar da za ku yi idan kuka sayar da motar cikin gaggawa ba. Yaya kuma yana da mutane a can da ke saya masa motoci, za su iya taimakawa a gano ainihin lambar sabon kayan da kamfani ya fitar a madadin tsohon.

Abin da ba zan yarda ku yi ba shi ne a shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa a sayo jakar da aka ciro daga wata motar. Kasuwannin nan sun rufa wa masu mota asiri a kan abubuwa da yawa, fitila, madubi, ƙofa, har inji. Amma jakar da aka ciro daga mota irin taku, shekara irin taku, kusan tabbas irin wadda kuke gudu ce. Akwai kuma na jabu masu arha, waɗanda NHTSA ta yi gargaɗi a kansu a 2024 bayan sun kashe mutane. Idan sabon kayan zai ɗauki lokaci, akwai matakin wucin gadi da Toyota da kanta ta ɗauka a 2014 lokacin da kayan gyara suka yi ƙaranci: kashe jakar gefen fasinja tare da manna sanarwar kada a zauna a kujerar. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wutar mota ne da ke da kwamfutar bincike, ba na yaron gareji da filaya ba, kuma ba ya nufin kujerar ta zama lafiya. Tun da an je wurinsa, ya duba fitilar jakar iska a dashbod. Ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta kamawa sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye wani abu, abin da ake yawan yi wa motocin da suka taɓa haɗari. Ya duba tayoyi ma, lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu mako ne da shekarar da aka yi su. Tsohuwar taya a hanyar Zariya ta fi wannan jakar kusa da jawo muku abin da ba a so.

Saura Baba. Ina ganin girmansa, kuma maganarsa tana da gaskiya a ciki fiye da yadda maigida ya ji ta. Mutanen zamaninsa sun ga lokacin da masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara fitar da motoci a 1975, lokacin da 504 ce motar gwamnati, motar haya, motar malamin makaranta. Akwai Steyr a Bauchi, akwai masana'antar manyan motoci a Kano, akwai Volkswagen a Legas. Abin da yake kewa, ko bai faɗa haka ba, shi ne mota mai uba a kusa: idan ta lalace ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kayan gyara na nan, an ƙera ta da sanin ramukanmu. Wannan fa'ida ce ta gaske, kuma har yau sabuwar motar da aka haɗa a nan tana zuwa da ita. Innoson na aiki a Nnewi, Dangote Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, Honda na haɗawa a Ota ta jihar Ogun. Wanda ya saya a wurinsu yana da garanti da adireshi, kuma in an saɓa yana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Inda na rabu da Baba shi ne ɗaukar cewa ƙasar da aka haɗa mota ce ke raba ta da lahani. Amurkawa sun daɗe suna wannan gardamar ta motar gida da ta waje. A 2009 da 2010 Toyota ta yi wa miliyoyin motoci kiranye kan totur da ke maƙalewa, har daga baya ta biya tarar dala biliyan 1.2, masu kishin motar gida suka yi ta murna. Sai ga shi a 2014 General Motors, kamfanin gida tsantsa, ya yi kiranye ga ƙananan motoci miliyan 2.6 saboda makullin da ke kashe inji ana cikin tafiya, lahanin da aka danganta da mutuwar mutum 124. Jakunkunan Takata kuma sun shiga Ford da Chevrolet da BMW kamar yadda suka shiga Honda. Ita kanta motar taku da kike kira 'yar Japan, ki dubi farkon lambarta: J ce Japan, amma 1 ko 4 ko 5 Amurka ce, 2 kuma Kanada. Da yawa daga cikin Corolla da Camry da Accord da ke yawo a nan a Amurka ko Kanada aka haɗa su. Motocin da ake haɗawa a gida ma, yawancin manyan kayansu daga waje ake shigo da su. Kuma ki lura, dalilin da ya sa kika san aibun motarki shi ne ta fito daga ƙasar da tun 1966 take da dokar lafiyar motoci, inda ake tilasta wa kamfani ya kai rahoton lahani cikin kwanakin aiki biyar, a kuma wallafa kowa ya gani. Motar da ba a taɓa jin kiranyenta ba, ba lalle ne ta fi taku lafiya ba.

Ga kuma aljihu. Kuɗin sabuwar mota, ta gida ko ta waje, ya ninka na taku sau da yawa, ga rance ba a gama biya ba. Idan kuka sayar yau, abin da za ku iya saya wata tsohuwar ce, wataƙila mai irin wannan jakar, wataƙila mai abin da ya fi ta. Ban da haka, yanzu da kuka sani, ba ya halatta ku miƙa wa wani ba tare da kun bayyana masa aibun ba, don shi ma yana da mata da za ta zauna a kujerar, bayyanawar kuma za ta rage farashi. Saboda haka ni gyara na fi karkata a kai. Sayarwa sai idan an bi duk hanyoyin nan kayan ya gagara, a lokacin kuma a faɗa wa mai saye gaskiya, a duba lambar wadda za a saya kafin a ba da ko sisi.

Baba kuma kada ki ce masa bai yi daidai ba. Ki ce masa shawararsa tana nan a ajiye har Allah Ya hore, sannan ki roƙe shi abin da ya fi kowa iyawa: mutumin da ya yi rayuwarsa a masana'antar mota ya san tsofaffin ƙwararru a garin nan, ya nuna muku amintaccen mai gyaran wuta. Ki kuma roƙe shi ya daina kiran motar juji inda surukinsa zai ji.

Idan kika yi duk wannan maigida ya ƙi ko da duba lambar, kada ki mai da shi yaƙi, kada kuma ki janye. Kujerar da za ki zauna da inda 'ya'yanki za su zauna haƙƙinki ne ki zaɓa, ki faɗa sau ɗaya cikin ladabi ki tsaya a kai. Daga nan ki nemi wanda yake jin maganarsa a cikin danginsa, ba naki ba, mahaifiyarsa ko wani amininsa, ki nuna masa hoton shafin. Ki rubuto mini abin da wakilin kamfanin ya ce, don akwai masu karatu da yawa da ke tuƙa irin motar nan da za su so su ji. Allah Ya tsare ku, Ya daidaita tsakaninku.